Jawabi A Kan Kula Da Ƙaramar Kwamfutar Raspberry Pi A Azuzuwan Karkara

Wani malamin koyar da aikin lantarki ya ja kunnen malaman yaƙi da jahilci da su fahimci kowace kafa da kowace fitila ta ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi kafin su jona mata wuta. Ya ce kuskure ɗaya ya isa ya ƙone ta, ko ya share darussan da aka daɗe ana tarawa a cikinta.

Da farko malamin ya bayyana cewa an fara sayar da na'urar a shekarar 2012, kuma wata gidauniya ce ta garin Kambirij a Ingila ta fito da ita don yara su koyi kwamfuta a kan kuɗi kaɗan. Girmanta bai wuce katin cirar kuɗi na banki ba. Ya ce ana iya zuba mata littattafai, har da Wikipedia ta Hausa ta hanyar manhajar Kiwix, ɗalibai su riƙa karantawa ko babu intanet a ƙauyen.

Daga nan sai ya ɗaga samfuri na 4, wanda ya fito a 2019, ya bi kafofinsa ɗaya bayan ɗaya. Akwai kafa huɗu na USB inda ake sa allon rubutu da linzami, biyu shuɗɗa masu sauri, biyu baƙaƙe. Akwai ƙananan kafofin HDMI biyu na haɗawa da talabijin, da kafar wayar intanet, da wurin sa katin memori a ƙasan allon.

Inda ya fi daɗewa shi ne maganar wuta. Ya ce na'urar bolt 5 take ci, da amfiya 3, ta kafar USB-C. Wanda ya ɗauko batirin sola mai bolt 12 ya jona kai tsaye ba tare da abin rage ƙarfin wuta ba, to ya yi asara nan take. Cajar waya mai araha kuwa ba ta cika ba ta isasshiyar wuta, sai a ga tana ɗaukewa ana zaton aljanu ne. Haka nan alluran nan 40 da ke jere a gefe, mafi yawansu bolt 3.3 kawai suke iya ɗauka, don haka kada a bar yara su taɓa su da ƙusa ko makulli.

Game da fitilu, ya ce jar fitila shaida ce ta wuta. In ta tsaya cak, lafiya lau. In tana ɗaukewa, wutar ta yi ƙasa da bolt 4.63, a binciki caja ko waya. Koriyar kuwa tana ƙyaftawa ne idan ana karanta katin memori. In ta yi ta ƙyaftawa sau huɗu ko sau bakwai tana maimaitawa, kuma babu hoto a talabijin, to akwai fayil ɗin tashi da ba ta samu a katin ba.

Ya ƙara da cewa ana zuba mata manhajar Raspberry Pi OS ne daga wata kwamfuta, da taimakon Raspberry Pi Imager da ta fito a 2020, kuma aikin yana goge duk abin da ke cikin katin. Tun 2022 aka daina sakin ta da suna da kalmar sirri na kowa da kowa, yanzu kowane mai ita shi zai zaɓi nasa.

Da aka tambaye shi yadda ake kashewa, ya ce samfuri na 4 ba shi da makunni, sai na 5 da ya fito a 2023. A fara ba ta umarnin kashewa, a jira koriyar fitila ta daina ƙyaftawa, sannan a zare filogi. Ya kuma roƙi kowace cibiya ta ajiye kati na biyu mai kwafen darussan a hannun mai kula da ajin.