Jawabi: Wainar Ƙwai Don Karin Kumallon Yara

'Yan'uwa, iyaye mata da iyaye maza na Yauri, Ngaski, Shanga da ƙauyukan bakin tafkin Kainji, maganarmu ta yau a kan ƙwai ce, da cikin yaranmu da safe.

Yara da yawa suna tafiya makaranta da koko tsura, ko ɗumamen tuwo. Kafin hantsi yunwa ta kama su, karatu ya gagara. Alhali kaji da zabi suna yawo a tsakar gidajenmu, ƙwan kuwa sai mu tara mu kai kasuwa. Wasu ma har yanzu suna cewa yaron da aka saba masa da ƙwai zai zama ɓarawo. Wannan camfi ne kawai. Ƙwai ɗaya yana ɗauke da kimanin giram 6 na sinadarin gina jiki. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa ba yaro ɗan wata 6 zuwa 23 ƙwai, ko kifi, ko nama kowace rana, tare da nonon uwa.

Mutanen Italiya suna da wainar ƙwai mai kauri da kayan lambu a ciki, suna kiranta firitata. A birane yanzu ana gasa ta a tukunyar lantarki mai hura iska mai zafi, irin wadda kamfanin Philips ya fitar a 2010. Amfaninta shi ne zafi yana kewaye abincin, mai kaɗan ya isa. Mu da wuta ba ta zama mana ba, ko da yake madatsar Kainji tana nan tun 1968, garwashi zai yi mana wannan aiki.

Ga yadda za mu yi. A wanke hannu da sabulu. A jefa ƙwai 6 cikin ruwa. Wanda ya taso sama ya tsufa, a zubar. A yanka albasa babba guda, tumatir 2 da tattasai, a soya su da cokali 2 na man gyaɗa cikin tukunya mai murfin ƙarfe. A zuba zogale wankakke cikin tafin hannu biyu, da dakakken busasshen kifi wanda aka cire wa ƙaya. A kaɗa ƙwan da ɗan gishiri, a juye a kai. A rage wuta, a rufe, a ɗora garwashi a kan murfin. Bayan kamar minti 12 a soka tsinke mai tsabta a tsakiya. In ya fito a bushe, ta nuna. Kada a ba yaro ƙwan da bai dahu sosai ba, domin yana kawo gudawa.

A yanka ta kashi 8. Ƙanana su fara samu, sai mai ciki da mai shayarwa. Na jariri a rage tattasai, a murƙushe masa.

Iyaye maza, roƙonmu gare ku shi ne a bar wa gida rabonsa kafin a kai saura kasuwa, musamman da damina da zabi suke yawan ƙwai. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Kowace uwa ta gwada cikin wannan mako, ta kuma koya wa maƙwabciyarta.