Jawabin Ƙaddamar da Zauren Nazarin Fim da L.A. Confidential



Fim ɗin da aka zaɓa domin buɗe wannan zaure shi ne L.A. Confidential, wanda Curtis Hanson ya ba da umarni a 1997, bayan shi da Brian Helgeland sun tsamo labarin daga littafin James Ellroy na 1990. Masana suna sanya shi a rukunin niyo-nuwar, wato sabon zubi na finafinan laifi masu duhu da Amurka ta yi a shekarun 1940 da 1950, inda mai binciken laifi kansa ba ya rasa kashi a gindinsa.

Labarin ya faru ne a birnin Los Angeles a farkon shekarun 1950, kuma ya taso daga wani abin kunya na gaske, lokacin da 'yan sanda suka lakaɗa wa wasu tsararru duka a Kirsimetin 1951, mafi yawansu 'yan asalin Meziko. Daga nan aka bi sawun jami'ai uku da ba sa ga maciji da juna, Exley mai son girma, da White mai saurin hannu, da Vincennes mai sayar wa mujallar tsegumi sirrin aiki, har kisan gillar da aka yi a gidan shan kofi na Nite Owl, wanda aka ɗora wa wasu samari baƙaƙen fata, ya kai su ga gano cewa ɓarnar tana cikin gida, a hannun shugabansu Dudley Smith. Littafin ya ratsa shekaru da dama, yana da rassa barkatai, amma marubutan biyu sun datse duk reshen da bai shafi mutanen nan uku ba, kuma a wannan datsewar gwanintarsu ta fi bayyana.

Manyan ƙungiyoyin masu sharhi na New York da Los Angeles sun zaɓe shi gwarzon fim na shekarar. A gasar Oscar kuwa, inda ya shiga rukuni 9, guguwar fim ɗin Titanic ta bar masa kyauta 2 kacal, ɗaya ta 'yar wasa Kim Basinger, ɗaya ta tsara labari daga littafi. Hukuncin masu sharhin ya ƙara tabbata a 2015, da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya shi cikin finafinan da ƙasa ke adanawa.

Da wannan ake ƙaddamar da zauren. Allah Ya sa albarka.