Kayan Ɗakin Iyayenmu: Yadda Ake Gane Su Da Yadda Ake Adana Su



An ce in yi magana a kan tsofaffin kayan ɗaki. To, ni ba masanin tarihi ba ne, kafinta ne, ɗan kafinta. Abin da hannu ya taɓa shi zan faɗa.

Bari in fara da abin da ya same ni. A ambaliyar 2012, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, Binuwai ya shigo mana gida. Akwai akwatin katako na kakata, wanda ta zo da shi daga Katsina tana amarya. Ruwa ya janye, na ga akwati lafiya lau, na mayar da shi ƙuryar ɗaki a ƙasa, na manta. Bayan shekara biyu na zo ɗagawa, sai gindin ya zube a hannuna kamar gari. Gara ta gama da shi. Ni da nake gyara wa mutane nasu! Har yau in na tuna sai in ji kunya.

Jama'a, yawancinmu nan Jimeta da Yola zuwa iyayenmu suka yi. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, fatake da malamai da masu sana'a suka biyo baya. Bayan Turawa sun ci garin a 1901, jiragen ruwa na kamfani suka riƙa hawowa Binuwai da damina, suna sauke kaya a Jimeta. Shi ya sa ɗakin tsohuwa a nan yake da kaya iri biyu: wanda aka ɗauko daga gida a kan jaki, kamar akushi da kujerar tsugunno da adudu da tasoshin Bida, da kuma wanda aka saya a kanti, kamar gadon ƙarfe mai rumfa da fantimoti da kwanukan langa. Wanda bai da takardar da ta nuna yaushe kakansa ya zo, sau da yawa akwatin nan ne kaɗai shaidarsa.

To yaya ake gane tsohon abu? Kada ka dubi fuskarsa, juya shi ka dubi ƙasansa. Aikin masassaƙi na da yana da sawun gizago, in ka shafa za ka ji tudu da kwari. Na inji sumul yake. Dubi ƙusa: ta maƙera ba ta da zagaye sosai, kanta a doke yake, babu biyu da suka yi daidai. In ka ga falle-fallen katako an manne su da gam, wannan aikin baya-bayan nan ne, ko da mai sayarwa ya rantse. Sannan ɗaga ka ji nauyi. Maɗaci ja ne mai nauyi, kirya ta fi shi tauri, gara ma tana shakkarta.

Tasa kuwa, kawo maganaɗisu. In ya kama, ƙarfe ne aka shafa masa ruwan tagulla. Ta Bida ta gaske ba ya kama ta, kuma za ka ga sawun guduma. Langa ki kifa ta, Hajiya, ki karanta hatimin gindi. In an rubuta Czechoslovakia, to ta girmi 1993, domin a farkon shekarar nan ƙasar ta rabu biyu.

Sai kula. Maƙiyan katako a garin nan uku ne: gara, laima, da hunturu. Kada akwati ya zauna a ƙasa ko ya jingina da bango. A ɗora shi a kan bulo, a bar tazarar tafin hannu, a riƙa leƙawa duk wata. In kin ga gari-gari a ƙarƙashinsa, ƙwaro na ciki. Abin da ya jiƙe a shanya shi a inuwa, ya bushe sannu a hankali. Ranar Yola ta watan Maris da Afrilu, wadda ke wuce digiri 40, tsaga shi za ta yi nan take. Akushi kuma kada a jiƙa shi cikin ruwa ya kwana. A goge, a shafa masa ɗan man kaɗe kafin hunturu ya shigo.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne fenti. Za a yi biki, sai a kawo mini akwatin shekara tamanin a ce in mulka masa shuɗin fenti ya yi kyau. Wallahi ɓata shi ne. Haka masu dirje tasa da yashi ko toka har zanen ya shafe. Tsumma mai laushi da ɗan sabulu ya isa, a tsane ta sosai.

Akwai kuma masu bin gida-gida suna saye, musamman in an yi rasuwa ana shirin rabon gado. Su ba ka kuɗin gwangwani, su kai inda ya fi. Ku sani akwai doka ta 1979 wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Ta hana sayar da aikin hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 ga kowa sai wakilin da aka amince da shi, ta kuma hana fitar da shi waje ba izini. Mai shakka ya kai abinsa gidan tarihi na nan Yola a duba masa. Magada kuma, in an yi wa abu kuɗi, gara ɗaya daga cikinku ya biya sauran ya riƙe.

Roƙona na ƙarshe ga matasa. Yau in kun koma gida, ku zauna da tsohuwa, ku tambaye ta: wannan na wa ne, daga wane gari, a zamanin wane Lamiɗo aka zo da shi? Ku rubuta a takarda, ku sa a leda, ku ajiye cikin akwatin. Wanda yake son in duba masa nasa, ina nan bayan an tashi, ba ko kwabo.