Yaron da Ke Zane a Bayan Aji



Da wuya a sami malami a cikinmu wanda bai taɓa cin karo da wannan yaro ba. Ana kiran sunansa ba ya amsawa, ba ya haɗa ido da kowa, hayaniyar aji tana firgita shi har ya toshe kunnuwa, amma bayan littafinsa cike yake da zane. Mu a makaranta mukan ce daƙiƙi ne, a gida kuwa a ce iska ce ta taɓa shi. Sau da yawa likitoci suna da wani suna dabam: galahanga, wato bambanci a yadda ƙwaƙwalwa ke aiki tun daga ƙuruciya. Bulala ba ta maganinta.

Mun yi irin wannan yaro a aji uku a nan Kanya. Kullum motar kasuwa yake zanawa, har da igiyar da aka ɗaure buhuna da ita, da tayar da ta lotsa. Muka ƙwace littafin, muka zane shi, wai yana ɓarnar takarda. Bai yi kuka ba. Washegari bai zo ba, zangon bai ƙare ba mahaifinsa ya mayar da shi kiwo. Littafin yana wurinmu har yau. Da muka zauna muka duba, sai muka ga lambar motar ya rubuta ta daidai, yaron da muka rantse bai san baƙi ko ɗaya ba.

Ranar 2 ga Afrilu, 2025, ranar da duniya ta keɓe domin masu galahanga, aka baje zanen Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke a dandalin Eagle Square da ke Abuja. A lokacin shekarunsa 15, zanen ya haura murabba'in mita 12,000, ya kuma shiga kundin bajinta na Guinness. A Ingila ma akwai Stephen Wiltshire, wanda aka haifa a 1974, da ke duban birni daga jirgin sama sau ɗaya ya zana shi da ka. Kalmar farko da ya furta wa malamansa ita ce takarda.

Ba muna cewa kowane yaro irin wannan gwani zai zama ba. Mafi yawansu ba za su zama ba, kuma ba sai sun zama ba kafin su cancanci kujera a aji. Abin da ya dame mu shi ne, wani lokaci zanen nan ne kaɗai bakinsu.

Saboda haka muna roƙo: kada a ƙwace. A bar masa gefen allo da guntun alli. A zauna kusa da shi a nuna zanen, a rubuta sunan abin a ƙarƙashinsa, daga nan karatu zai iya shiga. Muna kuma neman reshe ya sanya wannan batu a taron iyaye da malamai na zango mai zuwa.