Tsargiya da Gwajin Jini: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Maganar da na zo da ita yau ta tsargiya ce, da wata takardar asibiti da ke rikita talakawanku.

Tsargiya dai tsutsa ce. Wani likita Bajamushe, Bilharz, shi ya fara ganinta a Alƙahira cikin 1851. Ta kan girma cikin ƙananan katantanwa na kududdufi, ta fito ta huda fatar mai wanka, ta tafi jijiyoyin mafitsara ta zauna tana zuba ƙwai. Ƙwan nan su ke yi wa mafitsara rauni, har yaro ya yi fitsarin jini, wanda waɗansu ke ɗauka alamar balaga ce. Kada kuwa wani ya ce ai ƙasarmu ta rairayi ce, ba mu da kogi. In tafki ya ƙafe, katantanwan su kan nutse cikin laka su jira damina.

Hanyar gane ciwon biyu ce. Ta fari, a karɓi fitsari tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, a duba da madubin likita. In an ga ƙwai mai tsini, magana ta ƙare.

Ta biyu ita ce ta jini, ita kuwa tana son a natsu. Duk lokacin da cuta ta shiga jiki, jini ya kan ƙera mata makami nata na kanta, wanda ba ya kama da na wata. Mai gwajin jini ba tsutsar ya ke gani ba, makamin nan ya ke nema. Wato sawun ɓarawo ne, ba ɓarawon ba. Sawun ba ya fitowa sai bayan mako 6 ko fiye, in kuwa ya fito ya kan daɗe shekaru, ko da magani ya kashe tsutsar sarai.

Saboda haka amfaninsa ga baƙo ya ke. Ma'aikacin da ya zo yankin ciniki na Maigatari daga ƙasar da ba tsargiya, ya shiga tafki sau ɗaya, tsutsarsa kaɗan ce, mai yiwuwa a rasa ƙwai cikin fitsarinsa, amma jini ya tona. Ɗan Gagarawa ko na Sule Tankarkar kuwa, wanda ya tashi yana iyo tun yana tsirara, jininsa ya nuna sawu ba labari ba ne.

To, ga inda hatsarin ya ke. Ran Alhamis fatake su kan cika kasuwar Maigatari, wani da takardar gwaji daga Kano, wani daga Damagaram. Mutum ya sha maganin praziquantel bara, bana takarda ta ce jininsa ya nuna, sai ya shiga gari yana cewa maganin Gwamnati ba ya ci. Kafin ku ji labari, unguwa guda ta hana 'ya'yanta shan wanda a ke rabawa a makaranta. Tsargiyar da aka bari kuwa ta kan lalata ƙoda, ta kan kai ga ciwon dajin mafitsara.

In irin wannan ya zo gabanku, kada a yi masa faɗa. A tura shi asibitin Gumel a duba fitsarinsa, gama mai yiwuwa ma ya sake kamuwa ne. Ku kuma malamai, in kun zo rubuta rahoto, ku raba gida biyu: wanda aka ga ƙwai dabam, wanda jini kaɗai ya nuna dabam. Dagatai da masu unguwa kuma a karanta musu wannan kafin ruwa ya sauka.