Wasiƙar da Ta Riga Tashi Ba Lalle Ta Riga Isa Ba



An nemi mu yi magana a kan wani fanni na ilmin kwamfuta, watau yadda ake tsara ayyuka masu yawa su gudana a lokaci guda ba tare da sun rikice ba. Da yake akwai 'yan ƙasar Kazaure a cikinmu, wasu kuma sun riga sun fara zaman ofis, mun ga ya fi kyau mu ɗauko zancen daga Gwiwa.

Gwiwa tana ƙuryar arewa maso yammacin Jihar Jigawa, kan iyaka da Katsina, ɗaya ce daga ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Kazaure. Tun da aka cire Jigawa daga Jihar Kano a 1991, takardun mulki suka koma Dutse, wadda ke da 'yar tazara daga can. To, a ƙaddara wani ofishi a Gwiwa ya ɗauki sabon ma'aikaci. Ran Litinin ya rubuta wa Dutse a shigar da sunansa, ya ba direba wasiƙar. Ran Talata ya rubuta wa wani ofishi a Kazaure a nemo wa mutumin albashi. Kazaure kusa take, wasiƙarta ta isa a ranar, nan take suka buga waya Dutse. Wasiƙar Litinin kuwa tana aljihun direba, mota ta lalace a hanya. Me Dutse za ta ce? Ba ta san wannan mutum ba. Babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya yi sakaci, amma bawan Allah zai kwana ba albashi.

Wannan matsala ita ce masana kwamfuta suka sha fama da ita. A 1973, Carl Hewitt da abokan aikinsa biyu, Peter Bishop da Richard Steiger, na cibiyar MIT a Amurka, suka fito da wani tsari inda ake raba aiki ga ƙananan sassa masu cin gashin kansu. Sun raɗa wa kowane sashe suna akta, watau mai aikatawa, mu kuwa za mu kira shi ma'aikaci. Kowane ma'aikaci yana da littafin lissafinsa da ba mai leƙawa sai shi, da akwatin wasiƙa. Yana ɗaukar wasiƙa ɗaya, ya gama da ita, kana ya ɗauki ta gaba. Abin da zai iya yi da ita uku ne: ya aika wa wasu wasiƙu, ya ƙirƙiri sababbin ma'aikata, ko ya shirya yadda zai karɓi wasiƙa ta gaba. In ya aika saƙo ba ya tsayawa jiran amsa, sai ya ci gaba da aikinsa.

Harshen kwamfuta da ake kira Erlang, wanda Joe Armstrong da abokansa suka fara ginawa a kamfanin Ericsson na Suwidin a 1986 domin na'urorin haɗa wayar tarho, a kan irin wannan tafarki yake. Da shi aka gina rumbun WhatsApp, wanda a 2014, sa'ad da Facebook ya saye shi, yana ɗauke da mutane wajen miliyan 450. Ashe ke nan abin yana cikin aljihunmu.

To amma alkawarin da Erlang ya ɗauka ƙarami ne ƙwarai, kuma lalle ne mu fahimce shi. In ma'aikaci ɗaya ya aika wa wani wasiƙu biyu, ta farko ba za ta zo bayan ta biyu ba. Iyakarta ke nan. Da zarar masu aikowa sun zama biyu, ko saƙo ya bi ta hannun na uku kamar yadda na Gwiwa ya bi ta Kazaure, babu sauran alkawari. Wani zai ce a duba agogo mana, a bi lokacin da aka rubuta. Leslie Lamport ya yi bayani a 1978 cewa ba a dogara da agogon injuna mabambanta, domin ba sa tafiya daidai. Ya kawo shawarar kowa ya riƙa ƙirga, yana buga lamba a kan saƙonsa. Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar wasiƙu ya san wannan dabara. Da wasiƙar Talata ta ambaci lambar ta Litinin, da Dutse ta gane akwai takarda a hanya, ta ajiye buƙatar har ta iso.

Akwai wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa, a nan ne ɗalibai masu koyon rubuta manhaja suka fi faɗawa. A ce mai kula da sito a Gwiwa yana da buhun taki 100. Wasiƙa ta zo, wata ƙungiyar manoma na neman 80. Ya duba littafi, akwai. Sai ya aika a tantance ƙungiyar, kafin amsa ta dawo ya buɗe wasiƙa ta gaba, wasu na neman 60. Ya duba littafi, har yanzu 100 ne, ya aika a tantance su ma. Amsoshi biyu suka dawo da kyau. Yanzu ya yi alkawarin buhu 140 alhali 100 gare shi, ga damina ta kama. Bai taɓa karanta wasiƙu biyu a tare ba, amma ya yanke hukunci da lissafin da ya tsufa kafin amsa ta zo.

Mafita biyu ce. Ko dai ya ware buhu 80 a littafi tun lokacin da ya aika tambaya, in amsa ta zo ya karɓe ta kamar kowace sabuwar wasiƙa, ya sake duba littafinsa kafin ya sa hannu. Ko kuma ya riƙa jingine wasiƙun neman taki a gefe har amsar farko ta iso. A ganinmu ta farko ta fi, domin ta biyu tana tara jama'a a bakin ƙofa. Abin da bai kamata ya yi ba shi ne ya rufe akwatinsa gaba ɗaya ya naɗe hannu. In wanda yake jira shi ma wata amsa yake jira daga gare shi, sai a yi cirko-cirko, aiki ya tsaya cak, ba kuma wanda zai ce ga mai laifi.

Saura batun shiru. Mai aikawa ba shi da hanyar bambance wasiƙar da ta ɓata da wadda ta makara, ko wadda ta isa amma amsarta ce ta ɓata. Mun ɗanɗana wannan a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira, sa'ad da ciniki ya koma ta waya har a kasuwannin ƙauye. Mutum ya tura kuɗin hatsi, mai hatsi ya ce bai ga saƙo ba, aka tsaya ana kallon juna. In ya sake turawa, mai yiwuwa ya biya sau biyu. In bai sake ba, ya koma gida hannu rabbana. Masu tsara manhaja sukan sa wa jira wa'adi, in ya cika a sake aikawa, amma da lambar nan ta farko, ba sabuwa ba. Mai karɓa kuma yana riƙe da jerin lambobin da ya riga ya biya. In lamba ta maimaitu ba zai sake cire ko kwabo ba, sai dai ya sake aiko da shaidar cewa an biya. Doguwar lambar nan da ke kan rasiɗin mai POS dangin wannan ce, da ita ake bin sawun ciniki a banki, saboda haka kada a yar da rasiɗin sai kuɗi sun tabbata a wurin mai kaya.