WA YA FAƊA MAKA? JAWABI GA MATASA A TARAI KAN RUBUTA TARIHIN MALAMAI

Bayan godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzon tsira (S), Malam ya fara da cewa sau da yawa matashi yakan zauna da wayarsa ya rubuta tarihin malaminsa a Wikipedia, wato kundin ilimin nan na intanet da aka buɗe a 2001 wanda kowa ke iya sa hannu a ciki, kwana biyu ya tarar an goge. Sai ya ce ƙiyayya ce ake wa Musulmi. Malam ya ce a yi hattara da wannan zargi, domin tambaya biyu kawai masu gyaran suke yi.

Ta farko, shin wasu da ba iyalinsa ba, ba almajiransa ba, sun yi rubutu mai tsawo a kan mutumin? Ta biyu, kowace magana da ka kawo, a wane littafi ko wace jarida take? Ya ce in duk hujjarka ita ce "haka muka ji", ko abin da ɗansa ya sa a Facebook, ba za su karɓa ba.

A nan Malam ya daɗe. Ya ce abin kunya ne a ce wani ne zai koya wa Musulmi tambayar "wa ya faɗa maka?", alhali aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi. Malaman hadisi ilimi guda suka gina a kan haka, suna bin mai ruwaya: a ina aka haife shi, wa ya gani, wa ya ji daga gare shi, yana da mantuwa ko ba shi da ita. Mutum yana iya zama mai yawan ibada, duk da haka a ajiye ruwayarsa. A ƙasarmu ma Shehu Abdullahi na Gwandu ya rubuta Ida'un Nusukhi don ya jera malaman da ya yi karatu wurinsu, Muhammadu Bello kuma ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812. Ya ce da ba su rubuta ba, da yau malamai da yawa ko sunansu ba mu sani ba.

Ya kawo misalin wani ɗan jaridar Amurka, John Seigenthaler, wanda a 2005 wani ya rubuta a Wikipedia cewa an taɓa zarginsa da hannu a kisan Kennedy. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ta yi wata huɗu a wurin. Bayan wannan ne aka tsananta doka kan tarihin mutanen da ke raye.

Sai dai Malam ya ce dokar tana da inda take cutar da mu, kuma ba zai ɓoye ba. Rano tana cikin Hausa Bakwai. Da aka ɗaga masarautarta a 2019, aka rushe a 2024, aka sake kafa ta a shekarar tare da Kibiya da Bunkure, jaridu duk sun buga, saboda haka mai son rubuta wannan ba zai rasa madogara ba. Amma alaramman da ya shekara arba'in yana karantar da yara a tsangaya, ya rubuta Alƙur'ani da ka, wace jarida ta taɓa zuwa ƙofarsa? A ma'auninsu bai shahara ba, mu kuwa mun san ko shi wane ne.

To mene ne abin yi? Ya ce ba a cika shafi da kirari ba, irin su "gangaran", "kogin ilimi", "babu kamarsa". Kuma haramun ne a ƙago shekarar haihuwa don shafi ya yi kyau. Ya ce 'yan uwa su je wurin dattawa tun suna da rai, su naɗi muryarsu, su rubuta sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. In biyu sun saɓa, a rubuta duka biyun. Sannan a kai wa masu bincike a sashen tarihi na Jami'ar Bayero, ko a nemi jarida ta buga, domin sai abu ya fito a bugu mai inganci kundin yake ɗauka.

Da wani ɗan uwa ya tambaya ko almajiri zai iya rubuta shafin malaminsa da kansa, Malam ya ce dokarsu ba ta son haka, gara ya tara madogara ya miƙa wa wani. Daga nan aka yi addu'a aka tashi.